Masaukin Yaya Habu da ƙasashen Turai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma har yau ban yi masa kuka ba. Mutane suna cewa haƙuri ne da ni. Ba haƙuri ba ne. Tun da aka kai shi makwanci wani abu ya yi shiru a ƙirjina, bai sake motsi ba.

Yaya fatoma ne a kasuwar shanu ta Maigatari, wato mai saukar fatake. Gadon gidanmu ne, ni dai aikin ƙaramar hukuma ya kai ni Gumel. Ƙa'idar sana'ar tsohuwa ce: baƙon da ya kawo dabbobinsa daga Nijar ya sauka gidanka, cinsa da kwanansa suna wuyanka, ya sayar ko bai sayar ba. In ciniki ya faɗa, ka sami la'ada. In kasuwa ta ƙi, ka raka shi bakin iyaka da guzuri. Shi kuma baƙon ba ya sauya gida, ko da wani ya yi masa alkawarin duniya.

Mutumin nan bai taɓa wuce Kano da Damagaram ba, amma ba shi da hira sai ta Turai. Rediyonsa kullum tana rataye a ƙusar zaure. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne a ce mota ta ratsa ƙasa da ƙasa babu ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ko ɗaya da zai tsayar da ita, kuma kuɗinsu guda ne. Shi da ya tsufa yana roƙon a saki shanun baƙinsa a shinge, dole abin ya burge shi. Ministan Turai muke kiransa, yana amsawa kuwa.

Da labari ya zo cewa wasu ƙasashensu sun shiga matsi, ana rage wa tsofaffi fansho, matasa suna zaune babu aiki, sai ya yi kwana da kwanaki yana tsaki. Ya ce da ni, “Malam, mutanen nan sun gina kasuwa sun manta da masauki. Wanda bai sayar ba, ina zai kwana?” Na yi dariya na ce ya aika musu da shawara. Da wata ƙasa ta ce za ta fice daga haɗakar ƙasashen Turai, bai yi mamaki ba. Cewa ya yi baƙon da ya ji yunwa a gidanka ba ya yi maka sallama da daɗi.

Allah ya ɗauke shi kafin ya ga an garƙame tamu iyakar, manyan motoci sun yi layi a rana har tayoyinsu sun sace. Bai ga maƙwabtanmu sun fice daga ƙungiyar yankinmu ba. Yanzu in na kunna rediyonsa, don ni na gaje ta, Turawan suna nan suna gardamar gyara: ko a daina barin ƙasa ɗaya ta hana sauran motsi, ko a yi asusun da zai tallafi wanda kasuwa ta kayar. Ina ji kamar ana maganar ruwan sama a wani gari. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce, sai in ga ba sai na je Turai neman amsa ba, tana ƙofar gidansa.

Ciniki ya koma waya. A turo hoton bijimi, a daidaita, mota ta ɗauka, babu wanda ya kwana gidan wani. Babban ɗakin baƙi ya yi shekaru babu kowa sai tabarmi a naɗe. Bana babban ɗansa Nura ya same ni a Gumel ya ce, “Baffa, wani ɗan kasuwa yana son ɗakin ya ajiye siminti. Ƙannena suna makaranta.” Gaskiyarsa ce, ba shi da laifi ko kaɗan. Na amince. Aka sa ƙofar ƙarfe, aka ba ni mukulli in damƙa wa mai haya ranar Asabar.

Ranar Laraba da la'asar, jajibirin kasuwa, muna zaune ni da Nura a ƙofar gidan Yaya sai ga wani tsoho ya sauko daga kan babur, da akuya ɗaya a ɗaure. Malam Isa ne, mutumin Damagaram, wanda a da yake shigowa da garke har titi ya toshe. Fari da rufe iyaka sun cinye shi. Ya san Yaya ya rasu, ya ma zo ta'aziyya a lokacin. Muka gaisa, ya dubi ƙofar ƙarfen.

Nura ya ce, “Baba, ai da ka sayar da ita tun a bakin iyaka, dillalai ga su nan.”

Tsohon ya miƙa masa igiyar. “A gidan nan nake sayarwa.”

Ba a jima ba sai ga akushin tuwo daga cikin gida. Hajiya, matar Yaya, ba ta tambayi kowa ba, muryarsa kawai ta ji ta katanga. Daga baya Nura ya faɗa mini cewa duk Laraba sai ta ƙara tsaba a tukunya, shekara bakwai, da baƙo da babu.

Ban san abin da ya rage na Yaya a duniya ba. Sana'arsa ta tafi, Turai ɗin da yake so har yanzu tana neman kanta, ni kuma da ya kamata in ji zafi ban ji ba. Na dai ga tsohon ya gama cin tuwo a ƙasa, ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofar da ya saba shiga, ya tsaya a gabanta yana jira. Nura ya juyo ya dube ni. Na laluba aljihu na fito da mukullin, na buɗe kwaɗon, na tura masa ƙofar.