Bina Twaambo da Tsuntsun da Ya Ari Waƙa

A ƙauyukan da ke gabas da Choma, in ka ce kana neman Muchimba ba lalle a gane wadda kake nufi ba. Amma ka ce Bina Twaambo, wato uwar Twaambo, mai kunnen tsuntsaye, nan take za a nuna maka gidan da ke bayan rumfar gyaran keke.

Tana da shekara biyu mahaifiyarta ta rasu, sai ƙanwar uwar ta goye ta, ta gangara da ita kwarin Gwembe, can bakin tafki. Gidan babu ɗa namiji, don haka tun tana ƙarama ita ce mai korar tsuntsaye daga gonar dawa. Daga hantsi har rana ta yi sanyi tana kan rumfa da gwangwani da sanda, ba abokin hira. Da zama ya yi zama, ta san wanda ke kuka in ya hango shaho, da wanda ke kiran matarsa, da wanda surutu ne kawai ya dame shi. Makaranta kuwa a aji huɗu ta tsaya.

Mweetwa ya gan ta ne lokacin da yake gangarawa kwari a kan keke yana sarin busasshen kifi. Sau uku yana zuwa, kifin bai ƙare masa ba, kowa ya gane ba kifi ke kawo shi ba. Ya aure ta, ya hau da ita tudu. A nan matan bakin famfo suka yi ta kwaikwayon harshenta na mutanen kwari, suna ja mata kalmomi suna dariya. Ba ta taɓa tanka musu ba, kuma harshen bai taɓa barin bakinta ba. Ta haifi 'ya'ya biyar, ta yi noman masara da gyaɗa, ta riƙa dama chibwantu, kunun masaran da take sayarwa a gefen rumfar mijinta.

Tana da shekara arba'in da bakwai, wata damina da ciyawa ta fara fitar da kai, wata mata ta turo keke mai faci zuwa rumfar. Matashiya ce, da jaka a baya, da abin ɗaukar murya mai dogon baki. Yayin da mijinta, da ake girmamawa da kiran Ba Mweetwa, ke neman hujin taya a cikin kwanon ruwa, ita ta zauna kan benci, ta kunna abin nata tana sauraren kukan tsuntsayen da ta ɗauko, tana rubutu.

"Wannan ba 'yar ja ba ce," in ji Bina Twaambo, ba ta ko ɗago daga tulun kunu ba.

Matar ta dube ta. "Mama, me kika ce?"

"Na ji kin ce 'yar ja, kin rubuta. Ba ita ba ce. Ɗan baƙi ne yake kwaikwayonta. Ki jira, yanzu zai gaji ya koma carcar ɗinsa."

Ba a yi daƙiƙa biyar ba muryar ta karye, ta koma wani ƙaiƙayin surutu. Matar ta kashe abin nata a hankali.

"Sunana Namukolo. Daga jami'a nake, daga Lusaka."

"Namukolo? Ashe Balojiya ce, jinin Lozi! Shi ya sa. Ba Mweetwa, ka ɓoye guzan da ke bayan gida, masu cinsa sun iso."

"Ku dai Tonga, in ba kukan saniya ba me kunnenku ya sani?" in ji Namukolo tana dariya, don Lozi da Tonga abokan wasa ne tun kaka da kakanni. "A ba ni kunu, in ba tsoro kike in ce bai yi daɗi ba."

Kofi biyu ta sha. Kafin facin ya bushe ta roƙi Bina Twaambo ta raka ta daji washegari.

Abin da Dokta Namukolo ke bincike a kai shi ne ɗan baƙi, ƙaramin tsuntsun nan da ba ya saƙa sheƙa. Macen takan saci jiki ta sa ƙwanta a sheƙar 'yar ja, 'yar ja ta kwanta a kai, ta ciyar da ɗan kamar nata. In namiji ne, ya tashi da waƙar waɗanda suka rene shi. In mace ce, ran da ta isa aure sai ta nemi namijin da ke rera waƙar da ta ji tana cikin sheƙa. A yankin 'yar ja iri biyu ce, ta gida da ta rafi, kowace da waƙarta. Ɗan baƙi ma haka: mai jan baki yana bin ta gida, mai farin baki yana bin ta rafi.

Aka ba Bina Twaambo agogo, da madubin hangen nesa, da littafi. Aikinta ta gano itatuwan da mazan ke hawa suna waƙa, ta faɗi waƙar wa kowanne ke yi, ta ja layi duk lokacin da mace ta sauka kusa da shi. Ma'aikata maza huɗu ne ke wannan aiki kafin ta zo. Sati bai zagayo ba, su da kansu suke kiranta in gardama ta tashi.

"To, Bina Twaambo," Ba Mweetwa kan ce in ta dawo da raɓa har gwiwa, "yau wa aka ɗaura wa aure a dajin? Ba a aiko mana da goron gayyata ba."

"Ka ci tuwonka na nsima tun da zafi," takan ce.

A damina ta uku, wata safiya tana tsallake rafin da ke bayan dam ɗin shanu, ta ji waƙar 'yar ja ta rafi daga kan wani busasshen ice. Ta ɗaga madubi don ta rubuta mai farin baki, sai ta ga baki ja jawur. Ta goge madubin da gefen zanenta, ta sake dubawa. Ja ne. Ta tsaya har ya rera sau goma, sannan ta kama hanyar sansanin su Namukolo kusan da gudu.

"Mama, anya ba biyu ne a kan icen ba?" in ji Namukolo. "Ɗaya yana waƙa a ɓoye, ke kina kallon ɗayan?"

"Icen ko ganye ɗaya babu, a ina zai ɓuya? Na ga maƙogwaronsa yana motsi. Ɗauko sandar ɗaukar muryar taki mu je."

Suka je. Namukolo ta miƙa abin ɗaukar murya, ta daɗe tana saurare. Sannan ta sauke shi.

"Uwarsa ta yi kuskuren sheƙa," ta ce a hankali. "Ta sa ƙwanta a gidan da ba nasu ba, suka rene shi. Na karanta cewa yana faruwa jefi-jefi, amma ban taɓa gani da idona ba."

"To wa zai aure shi?"

"Abin da nake so mu gani ke nan. Matan danginsa waƙar gida suke nema, ba ya yinta. Matan rafi kuwa sun san waƙar, amma ba mu sani ba ko za su yarda da shi. Wataƙila ba kowa."

Bina Twaambo ta ce a bar mata wannan icen ita kaɗai.

Kullum kafin rana ta fito tana zaune a kan wani dutse da littafi a cinya. Tsuntsun ba ya gajiya. Ya rera, ya sauka ya tsinci ƙwayar ciyawa, ya koma reshensa ya ɗora daga inda ya tsaya. Wani mai farin baki da ke ƙetaren rafi mata huɗu suka ziyarce shi a kwana goma. Shafin nata mutumin fari fat. Sau biyu mace ta sauka a ice na kusa, ta karkata kai ta saurara, ta tashi abinta.

Ran nan ta dawo ba ta taɓa abinci ba. Ba Mweetwa ya aje sifana, ya zo ya zauna a gefen tabarma.

"Mutumin naki bai samu shiga ba har yanzu?"

"Kar ka yi masa dariya. Inda aka rene shi ya koyi magana. Me ya yi wa wani?"

Ya murza baƙin mai da ke yatsunsa. Can ya ce, "Ni dai da na ji wata tana ja wa kalmomi wutsiya a bakin tafki, sau uku na koma." Ta harare shi, amma ta jawo kwanon.

Ranar Asabar ba ta aiki, don 'yar cocin masu kiyaye Asabar ce, kuma Namukolo ba ta taɓa matsa mata ba. Asabar ta uku ta sa shuɗiyar rigarta ta ƙungiyar mata da farin kallabi, Ba Mweetwa ya ɗauke ta a bayan keke. Maimakon ya bi babbar hanya, sai ya karya ta wajen dam.

"Ina za ka kai mu? Za mu makara."

"Hanyar can duk taɓo ce," ya ce, alhali kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Da suka zo daidai busasshen icen ya tsaya, ya sauka, ya durƙusa yana taɓa sarƙa. "Ta yi sako-sako. Ki ɗan jira ni."

Ta tsaya riƙe da littafin waƙoƙin coci. Tsuntsun na kan reshensa yana rerawa. Sai ga wata mace 'yar toka-toka ta taso daga ciyawar rafi, ta sauka a reshen, tazarar taki ɗaya tsakaninsu. Ya katse waƙar. Ya tashi ya tsaya a iska daidai kanta, yana kaɗa fikafikai, yana sama yana ƙasa. Ba ta gudu ba. Ta sunkuyar da kai, ya sauka a bayanta, kafin ƙiftawar ido an gama. Suka sauko ƙasa tare suna tsintar ƙwaya.

"Ba Mweetwa," ta ce da raɗa, ta damƙe masa kafaɗa. "Ka gani?"

"Ni sarƙa nake gyarawa," ya ce, idonsa na kan icen.

Sun shiga coci an riga an yi waƙa biyu. Ba ta rubuta komai ba sai da rana ta faɗi, Asabar ta fita. Sannan ta buɗe littafin, ta sa ƙarfe takwas da kwata, ta ja layi ɗaya, ta danna biro har ya kusa huda takardar.

Macen ta dawo ranar Litinin, Namukolo ta ɗauke su a hoto. Ranar Laraba aka kama su a raga, aka sa wa kowanne zobe a ƙafa, aka ɗibi ɗigon jini. Bina Twaambo ce ta riƙe namijin. Ta ji zuciyarsa na bugawa a tafin hannunta, ta ce masa da harshen kwari ya yi haƙuri, sannan ta buɗe yatsu. Macen ma jan baki gare ta. Namukolo ta ce mai yiwuwa ita ma a sheƙar rafi ta tashi, shi ya sa ta gane waƙar.

Damina ta gaba bai dawo ba. Ta yi mako biyu tana leƙa icen, daga baya ta haƙura. Rahoton binciken ya fito da sunanta a jerin waɗanda suka rubuta shi, Twaambo ya karanta mata, ta sa aka liƙa shafin a bangon rumfar keke.

Yanzu ta haura sittin. Gwiwa ta hana ta nisa, mata uku da ta koya wa aikin su ke shiga daji, su kawo mata muryoyi a waya ta rarrabe musu. Bara, a watan Maris, ɗaya daga cikinsu ta kunna mata wata murya da ta ɗauko a gangaren dam.

"Ta rafi ce," in ji Bina Twaambo. "Farin baki ko?"

"A'a, Mama. Ja. Kuma su biyu ne, kowa da icensa."

Ta sa aka sake kunnawa, ta saurara ido a rufe. Sannan ta ce a kira mata Namukolo a Lusaka, ta kuma leƙa rumfa ta ce wa Ba Mweetwa ya hura tayar baya sosai, gobe da sassafe zai kai ta dam.