Bijimin da Muka Ɗauka a Bidiyo

Na halarci bita iri-iri a shekarun da na yi ina koyar da Turanci, har na daina tambayar abin da za a koya mana, sai dai in tambaya ko akwai kuɗin mota. Kowace bita da sabuwar dabararta. An taɓa cewa mu riƙa zaunar da yara a da'ira, a ajin da ko wurin juyawa babu. A ta ƙarshen nan, wadda aka yi mana a cikin birni, wata matashiya mai saurin baki ta tsaya gaban majigi ta ce zamanin alli ya wuce, yanzu yaro zai ɗauki kansa a bidiyo yana Turanci, ya kalla, ya gyara. Aka ba kowace makaranta kwamfutar hannu guda da ɗan faifan sola, aka kafa mana sharaɗi: Turanci zalla, ko kalma ɗaya ta Hausa kada ta shiga. Na karɓa, na rungumo ta a bas kamar an ba ni riƙon jaririn wani.

Makarantarmu ƙaramar sakandare ce a wani ƙauye gaba da Tofa, gonaki sun kewaye ta har bakin taga. Daga unguwar Bacirawa ta cikin birni nake zuwa kullum, in hau bas in sauka in hau babur, in isa a gajiye tun ban buɗe baki ba. Turancin ajina na amshi ne. In na faɗa su amsa gaba ɗaya har kwano ya ɗauka, amma in na nuna mutum guda sai a rasa mai ɗaga ido. Na gaji da wannan tun da daɗewa, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

A cikinsu akwai wani dogon yaro da ke zama a bencin baya, ya girme wa sauran, domin sai da ya yi ƙarfi aka sa shi boko. Rubutunsa ba laifi. Baki ne dai babu. Tun yana aji ɗaya ya taɓa tashi karatu harshensa ya sarƙe, yara suka bushe da dariya, daga ranar ya kulle bakinsa ya jefar da mukullin. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk aikin baban giwa. Ga shi yana ajin ƙarshe, kuma na san in ya fita a haka ya fita ke nan, babu wanda zai ƙara damuwa da ko ya iya haɗa jimla.

Na ce kowa ya yi ɗan gajeren bayani a bidiyo a kan sana'ar gidansu. Abin da na samu ba ya faɗuwa: wani ya ɗauko hoton ƙafarsa, wata ta yi dariya daga farko har ƙarshe, wasu suka haddace layi biyu suka zazzaga kamar ana korarsu. Bayan an tashi nake bin su gida-gida da kwamfutar, tunda in ta fashe ni za a tambaya. Ranar da layi ya zo kan dogon yaron, mahaifinsa ya tafi cin kasuwa. Ni dai a zaure na tsaya, baƙon namiji ba ya wuce nan. Na miƙa masa, na nuna masa inda ake dannawa, ya shige shi kaɗai. Ya daɗe har na soma gyangyaɗi.

A bas na buɗe bidiyonsa, ba don ina sa rai ba. Sai ga bijimi fari tas a ɗaure a turke, tozo ya kwanta gefe guda don ƙiba, fata sai sheƙi take. Sai kuma murya. Na ɗauka rediyon direba ne. Ashe yaron nan ne, yana zagaya dabbar a hankali yana Turanci, babu sarƙewa. Ya ce wannan san babansa ne, shi yake yanko masa ciyawa kafin ya zo makaranta, bijimin yana cin harawa da dusa, ana jiƙa masa kanwa. Ya ce dubi wuyansa, dubi cinyarsa, babu kamarsa a garin nan. Akwai kurakurai, amma magana ce ta mutum mai abin faɗa. Na maimaita har mutumin da ke kusa da ni ya leƙo. Ban ji kunya ba, idona ya ciko da ƙwalla.

Ashe mutane ne ba ya iya yi wa Turanci. In babu ido a kansa, sai na'ura, bakin yana nan. Daga nan na riƙa ba shi kwamfutar lokacin tara, ya zagaya bayan aji ya zauna gindin darbejiya yana yi mata bayanin duk abin da ya gani. In ya dawo mu saurara tare, in gyara masa. Rannan ma ya amsa min tambaya a cikin aji, kalma uku ko huɗu, kansa a sunkuye. Na yi kamar ban lura ba, don kada in kore shi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Faifan solar nan bai yi nisa ba ya mutu, kamar yadda na zata. Sai na koma kai kwamfutar shagon caji na bakin kasuwa, wurin wani saurayi da ke tura wa mutane finafinai a waya. Bai tambaye ni ba, ni ma ban yi tunanin hana shi ba. Ya ga bidiyon, ya burge shi, ya kwafa. Kafin wani lokaci duk majalisar da ka wuce za ka ji muryar ɗalibina tana fita daga wata waya.

Ni murna na yi da farko. Abin da na manta, ko in ce zaman Bacirawa ya mantar da ni, shi ne ba a banza ake ɗaure irin wannan dabba a can ƙuryar gida ba. Mai kiwon turke ba ya son a ga dabbarsa sai ranar da za ta fita kasuwa, saboda kambun baka. Ko maƙwabci ya shigo ya gani, sai ya ce tubarkalla kafin ya ce komai. Yanzu ga bijimin bawan Allah a hannun kowa, masu shayi da masu faci suna ta “kai, wannan sa!” babu mai ambaton Allah. Masu Turancin garin kuma suka fassara wa sauran cewa ɗan gidan da kansa ya ce babu kamarsa.

Ana gab da Babbar Salla bijimin ya daina ci. Ciki ya kumbura, ya kwanta ya kasa tashi. Aka kira malamin dabbobi ya yi allura, ba ta yi ba, dole aka kira mahauta suka yanka suka saya a wulaƙance. Da suka farke tumbin, leda suka tarar ta dunƙule a ciki, wadda ya daɗe yana haɗiya. Kowa ya ga ledar. Amma ka ce wa mutum leda ce, sai ya ce to, me ya sa ba ta tashi kashe shi ba sai yanzu? Na yi wannan musu a ɗakin malamai har muryata ta dushe, na ga ba riba na bari.

Yaron bai ƙara zuwa karɓar kwamfutar ba. Na kira shi gefe na ce masa leda ce, ba bakinsa ba ne. Ya ce, “Haka ne, Malam,” yana kallon ƙasa.

Bayan hutun Salla mahaifin ya zo makaranta. Dattijo ne siriri, da fartanya a kafaɗa, daga gona yake. Na shirya wa faɗa, amma bai zo da shi ba. Muka gaisa, na yi masa jaje, ya ce ƙaddara ce. Ɗan farinsa ne, don haka ko sunansa bai kama ba.

“Malam, an ce yaron nan ya yabi dabbar nan tun daga wuya har ƙafa. Ya ce tubarkalla?”

“Baba, da Turanci aka ce a yi, ban da Hausa.”

Ya gyaɗa kai. “To, so nake a goge.”

Na ce zan goge na wurina, amma wanda ke wayoyin mutane ya fi ƙarfina, magana zarar bunu ce. Ya ce ya sani, na wurina dai yake so, tunda daga nan ta fito. Har na kai yatsa sai ya ce in dakata, shi bai taɓa gani ba. Duk garin sun kalla, shi ya ƙi.

Na kunna na miƙa masa. Ya riƙe da hannu biyu, nesa da fuskarsa. Ga bijiminsa a tsaye da rai yana kaɗa jela, ga muryar ɗansa tana zuba. Ko kalma ɗaya bai fahimta ba, amma bai ƙifta ido ba har ya ƙare.

“Daidai yake faɗa?”

“Daidai, Baba. Duk ajin babu wanda ya yi kamarsa.”

Ya miƙo min kwamfutar. Na sa rai zai ce a bari.

“To, goge.”

Na goge a gabansa. Ya yi godiya, ya ce ba zai cire shi daga makaranta ba, ya ƙarasa karatunsa. Roƙonsa guda ne, kada a ƙara sa shi magana a cikin wannan abin. Na buɗe baki in ce masa a cikin wannan abin kaɗai yake iya magana, sai na ga fuskar mutumin da ya yi asarar wahalar shekara bai ɗaga min murya ba. Na ce to.

Washegari na shiga aji da alli. Na rubuta jimla mai sauƙi a allo, wadda na tabbata ya fi ƙarfinta, na kira shi. Ya miƙe da ladabi, ya dubi allon, ya dube ni. Na jira har yara suka soma motsi a kan benci. Laɓɓansa ko rabuwa ba su yi ba.

Na ce ya zauna. Na juya na karanta jimlar da kaina, ajin ya amsa gaba ɗaya.