Namijin Dabinon Baffa

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Dutse aka ba ni wata takarda in karanta, kan garin furen wata bishiyar Turai da ake kira ash. Wai akwai sinadarai a cikinsa masu hana ƙwayoyin jiki lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ina kaiwa nan na ajiye takardar, don Baffa ne ya faɗo min a rai, wan mahaifina, shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Idan dabino ya yi fure, yakan yanko furen namiji, ya hau ya ɗaure shi a cikin na mace. Farin garin nan mai ƙamshin ɗanyen ƙullu har gemunsa yake rufewa. Wanda ya rage a tafinsa kuwa lashewa yake yi.

Wata rana na yamutsa fuska na ce, "Baffa, ƙura fa kake ci."

Ya miƙo min hannu. "Lasa, 'yar boko. Mutum ma yana tsatsa."

Na ƙi. Har yau ban san ɗanɗanonsa ba.

Jiya babban ɗansa ya kira ni, wai za su sare namijin dabinon su ja katanga, tunda bai taɓa ba da ko ƙwaya ɗaya ba. Na ce masa to. Yanzu ga ni a bakin titi ina tsayar da adaidaita zuwa gidan Baffa, na kira ɗan nasa sau huɗu bai ɗauka ba.

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya ba ka inuwar dabinon Aljanna. Ni kuma Ya sa in riga gatari isa.