Kwalin faifai ya je Maradi

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Dakoro, ni da kwali ɗaya da na ɗaure da igiyar roba, da na'urar wasa guda a cikin tsohon buhun shinkafa. Mai lodi ya so ya cilla kwalin saman mota, inda aka jibga buhunan wake da wata akuya mai ƙorafi. Na ce masa ko ni ne zan hau sama na yarda, amma kwalin nan a cinyata zai je Maradi. Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, na biya ina gunaguni, na rungume kayana kamar mai jego.

Da yawanku kun san sana'ata, amma bari in faɗa saboda sababbin masu bibiyata. Ina da ɗakin wasan bidiyo a bayan kasuwa: tele biyu, na'ura biyu, bencina, da fanon hasken rana a kan rufi, don wutar garinmu ba ta da alƙawari. Mu huɗu ne masu irin wannan ɗaki a yankinmu. Akwai ni, akwai abokina na Kornaka, da wani a Bader Goula, da wani can Azagor. Ba wanda yake da ƙarfin sayen duk wasannin shi kaɗai, saboda haka kowa na sayen faifan da ya iya, mu zuba a kwali ɗaya, kwalin ya riƙa bin motocin kasuwa daga gari zuwa gari. Kowa da shaidarsa, wadda muke ɗigawa da jan farce a tsakiyar faifai. Tawa ja ce, ta Kornaka shuɗiya, ta Bader Goula koriya. Mutumin Azagor kuwa ya ce shi ba ya shafa kayan mata, sai ya riƙa zana alamar da ke wuyan raƙuman gidansu. Shekaru muna haka, ba takarda, ba mai shaida, kuma faifai ko ɗaya bai taɓa ɓacewa ba.

Abin da ya tayar da ni shi ne jita-jitar da ta cika waya tun cikin damina, cewa kamfanin da ke ƙera na'urorinmu zai fito da sabuwa, kuma wai ba ta da bakin da za a sa faifai. Komai sai ta rezo, wato intanet. Sai ga wani Alhaji mai shagon kayan lantarki a Maradi ya aiko da saƙon murya: duk mai tsohuwar na'ura da faifai ya kawo yanzu kafin su zama shara, zai saya, kuma zai sa mutum a gaban layi idan sabuwa ta iso. Abokina na Kornaka ya amince nan take. Na Bader Goula ya ce shi bai sani ba. Na Azagor ya ce abin da idona ya gani shi ne nasa. Haka aka ɗora mini hukuncin kwalin mutum huɗu, ni da ko tawa matsalar ban gama da ita ba.

Hanya ta yi kyau da safen. An gama yankan gero, dammuna na tsaye a gonaki, mata na tafiya da ƙwarya a ka, shanu sun fara gangarowa daga arewa suna neman kara. Gudron ɗin, wato kwaltar, dai kun san shi, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi ƙasa don ta fi kwalta daɗi. A Kornaka muka tsaya, na sayi ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, mai ƙosan ta rantse man gyaɗa ne ya sa suka ƙanƙance. Nan abokina ya shigo da na'urorinsa biyu, ya naɗe su a bargo, ya sha sabuwar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ba mu yi nisa ba muka fara musu, kuma musun ya cinye motar gaba ɗaya. Shi a ganinsa kamfanin ba abokin gasarsa yake tsoro yanzu ba, waya yake tsoro, tunda kowane matashi na yawo da wasa a aljihu. Saboda haka zai yi na'urar da za ka riƙe a hannu ka kuma haɗa da tele, ya sauƙaƙa farashinta, sannan ya ɗaure kowa da biyan wata-wata. Ya ce wanda ya riga shiga shi zai kwashe matasa, wanda ya tsaya kuma zai wayi gari da tarin faifan da ko mai gwangwan ba zai karɓa ba. Ni kuma na ce ba waya ce ta hana kamfanin barci ba, irin kwalinmu ne. Faifai ɗaya, an biya shi sau ɗaya, gari huɗu na wasa da shi. Wanda ke zaune a ofis yana lissafi ba zai ga zumunci a nan ba, asara zai gani. Idan ya toshe bakin faifai, ya kashe aro, ya kashe sayen na hannu, ya kashe gado, duk da bugu ɗaya.

Wani dillalin dabbobi da ke gabanmu, wanda bai taɓa riƙe manet ba, wato abin da ake latsawa a yi wasan, ya juyo ya ce, "Ku dakata, samari. Wanga kamfani, saniya za shi ba ku da araha, amma ba ta cin ciyawa sai dusa tasa. Haka ne ko ba haka ba?" Muka ce kusan haka ne. Ya ce, "To ni na san irinsu, kasuwa ɗaya muke ci." Mota ta kwashe da dariya. A shingen jandarma ma ba mu tsira ba. Jandarman da ya buɗe kwalin ya ga faifan ƙwallo, sai ya manta da katin shaida, ya shiga ba mu nasa hasashen, wai iri biyu za a yi, mai baki da marar baki, kuma mai bakin sai masu hali. Gaskiyar magana, duk cikinmu ba wanda ya sani. Kamfanin bai ce uffan ba, mu ne muke ta yi masa shawara kyauta a hanyar Sabon Mashi.

Mun shiga Maradi da hantsi, zafi ya fara, adaidaita da babura na rige-rige kamar an ce gari zai tashi. Shagon Alhajin na cikin wani layi kusa da babbar kasuwa, da sanyin na'ura da katon tele a bango. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya nuna mana wata na'ura ta yanzu da ba ta da bakin faifai, ya ce sabuwar haka za ta zama, sai dai ta fi. Rezo a shagonsa kamar ruwan famfo. Hoton ya yi kyau har na ji kishi, ciyawar filin ƙwallo kamar ka tsuguna ka taɓa. Na tambaye shi yaushe sabuwar za ta zo, ya ce baɗi in Allah ya so, ko kafin nan, ko bayan nan kaɗan.

Na nuna wasan da ke kan tele na ce, "Alhaji, wanga da kuɗinka ka saye shi?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa."

"To ara mini shi in kai Azagor, in maido maka bayan kasuwa biyu."

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba ya aruwa. Shina cikin kont ɗina, da sunana anka ɗaure shi."

"In ka gaji da shi hwa, wa za ka saida ma?"

"Ba a saidawa."

"In ka riga mu gidan gaskiya, ɗiyanka su gada?"

Ya ce, "Kai, Malam, da sahe haka!" Ya ci gaba da dariya.

Daga nan ya zazzage kwalin a kan tebur ya fara tsincewa. Masu kyau gefe ɗaya, masu ƙarce gefe ɗaya. Ya ɗauki wani tsohon faifan tseren mota mai alamar raƙumi, ya duba bayansa a haske, ya ture shi da yatsa ya ce wannan ba shi da kuɗi. Faifan nan na san shi kamar tafin hannuna. Mutumin Azagor ya samo shi daga wani ɗan'uwansa da ya dawo ci-rani, ni da kaina na sha goge ƙarcensa da man goge baki har ya tashi. A ɗakina matasan da ba su taɓa tuƙa ko amalanke ba sun koyi shan kwana da shi. A nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban ɓoye ba. Na tuna kakata Bafillatana, da abin da suke kira habbanaye: idan garken mutum ya ƙare, sai ɗan'uwa ya ba shi aron karsana, ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'ya'yan, ya maido uwar. Mu a kan wannan muka tashi. Yanzu wani da bai san inda Dakoro take a taswira ba zai koya mana cewa abin da ka saya da guminka ba ka da ikon miƙa wa maƙwabci.

Na fara mayar da faya-fayan cikin kwali, ja da kore da masu alamar raƙumi. Na ce wa Alhaji ba na sayarwa, na'urata ma ko daga buhu ban fito da ita ba. Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Kai, ka yi tunani. Ni ina da iyali, ruhin ɗakina na yoyo. In anka sanar da sabuwar gobe, wa za ya saye waɗanga?" Maganarsa na da nauyi, ban raina ta ba, kuma Kornaka ta fi mu rezo. Na ce masa shuɗayen nasa ne, ba ni da iko da su. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya bai kalle ni ba, ya haɗa da na'urorinsa biyu ya miƙa. A cikinsu har da faifan ƙwallo mafi sabunta, wanda shi ke cika mana benci a duk garuruwan huɗu. Ina kallo aka ɗora shi a kan kanta.

Ban iya fita na bar faifan nan ba. Na ce wa abokina ya yi gaba ya samo mana adaidaita, na koma na tambayi Alhaji kuɗin faifan ƙwallon. Abin da aka ce zai zama shara, a 'yan mintunan nan har ya yi tsada. Na yi ciniki kamar mai sayen rago, na biya, kuɗin da na ware na kilishin gida ya tafi a nan. Da rana muka ci shinkafa da wake a wata rumfa kusa da tasha, da yaji mai sa hawaye, wanda ya taimaka mana duka biyun tunda ba mai son magana.

A hanyar dawowa ba musu, ba dillali, sai wata tsohuwa mai kwandon tattabaru da ta yi barci a kafaɗata. Abokina na ta duba waya yana neman labarin sabuwar na'ura, rezo na zuwa yana ɗaukewa. Ni kuma ina tunanin ɗakinsa: gobe matasa za su zo su tarar da tele biyu a kashe, kuma ba wanda ya san ko wata nawa za su yi a haka. Mun iso Kornaka rana ta yi sanyi. Ya sauka da bargonsa a naɗe ba komai a ciki, ya ce mu gaisa da gida. Na ce wa direba ya ɗan jira. Na miƙa masa buhun shinkafar ta taga, na ɗora faifai kaɗan a kai, na ƙwallon a sama.

Ya ce, "Mi ne ne wanga kuma?"

Na ce, "Aro ne. Ka riƙe har taka ta zo."

Ya buɗe gidan faifan, ya ga shuɗin ɗigon nan nasa yana nan, ban goge ba. Ya daɗe yana kallonsa. Na ce, "In sabuwar ta iso, kai ma ka ara mini wasa ɗaya in gani." Ya buɗe baki zai ce to, sai ya tuna wasan sabuwar ba ya aruwa. Direba ya danna oda, muka bar shi tsaye a bakin hanya da buhu a hannu.

Na shiga Dakoro ana kiran magariba, ba kilishi, ba na'ura ta biyu. Uwargida ta dubi hannuna ta dubi fuskata, ta ce Allah ya kyauta, ta kawo tuwo. Washegari matasa suka tarar da tele ɗaya a rufe da zane, suka yi ta mita a kan layi, na ce wanda ba zai iya jira ba ga hanyar Kornaka nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma ya zauna. Ban san abin da kamfanin zai fito da shi ba, Alhaji bai sani ba, masu surutu a waya ma ba su sani ba. Wataƙila abokina ne mai gaskiya, baɗi in zama abin dariya da tsohuwar na'urata. Na yarda a yi mini dariyar. Amma duk abin da zan biya kuɗinsa sannan a ce ba ni da ikon ba da aronsa, ba zai shiga ɗakina ba, ko da hotonsa ya fi ido kyau. Su toshe bakin na'urarsu in sun ga dama. Na kira mutumin Azagor na gaya masa abin da idona ya gani, ya ce to madalla, ya tambaya ko faifan tserensa na nan. Na ce yana nan. Ranar kasuwa kwalin zai hau motar arewa kamar kullum. Ya rage nauyi, amma zai tafi.