Wata a Kan Tankin Mai Taya

Duk layin ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsaya-Haka ake ce masa, don shekara talatin da ɗoriya abin da ke bakinsa ke nan: "Ɗaga haɓa kaɗan. Yawwa, tsaya haka." Shagonsa na hoto ɗan ƙarami ne, a ƙasan benen da yake haya, jikin shagon Tela. Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya mara majingina, fitila biyu masu lema, sai madubi da mataji a bakin ƙofa don masu gyara fuska. A kan kujerar nan rabin unguwa suka zauna. Akwai wadda ya ɗauka hoton shiga makaranta, ya ɗauke ta na neman aiki, ta dawo da goyo ya ɗauki goyon.

Ba shi da mota, ba shi da fili, abin da ya tara a duniya yarda ce. Magidanci zai turo matarsa da 'ya'yansa mata su kaɗai, ya tafi harkarsa hankali kwance. Tsaya-Haka bai taɓa kai hannu kafaɗar mace don gyara mata zama ba, da baki yake gyarawa daga bayan kyamara. Hoton da mai shi bai zo ya karɓa ba kuwa, ba ya manna shi a ƙofa don talla yadda wasu ke yi. Yana nan cikin ambulan a durowa, wasu sun shekara ashirin. Da wayoyin hannu suka cinye kasuwar hoto, shago uku suka rufe a titin, nasa ya tsaya da ƙafarsa saboda wannan hali.

To, kowa da abin da ke ɗauke masa hankali. Na Tsaya-Haka wata ne. Wani tsohon mai ɗaukar hoton 'yan ƙwallo ne ya bar masa dogon gilashin kyamara sa'ad da zai ajiye aiki, irin mai jawo nesa ta zo kusa, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, nauyinsa kamar taɓarya. Tela na ganinsa ya laƙaba masa suna igwa. A shago igwar ba ta da amfanin komai, in ka saita ta a kan mutum hancinsa kawai za ka samu. Sai wata rana da yamma ya hau rufin benen da ita don gwaji, ya ɗora ta a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ya juya ta gabas. Abin da ya gani ya sa ya zauna a ƙasa. Ashe farin faifan nan da yake gani tun yana yaro yana da ramuka, da tuddai, da tabo baƙi-baƙi kamar tsohuwar tukunya.

Daga ranar ya kamu. Hotunansa na farko farin dunƙule kawai suka fito, sai da ya gane cewa wata ya fi yadda ake zato haske, dole a rage wa kyamara ido kamar da rana tsaka ake aiki. Ya gane cewa danna maɓalli da yatsa ma girgiza ce, sai dai ka saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu, kai kuma ka janye hannu ka riƙe numfashi. Abin da ya fi ba shi haushi da dariya, wata ba ya jin "tsaya haka". Kana saita shi tsakiya, kafin ka gyara tsayuwa ya silale gefe.

"Ka samu kwastoman da ya fi ƙarfinka," in ji Tela. "Ga shi ba ya biya, ga shi ba ya zama."

Matarsa ba ta hana shi ba. Ta ce gara wata da majalisar gulma, sai dai ya riƙa sauka kafin abinci ya huce.

Da ya ƙoshi da hoton wata shi kaɗai a sarari, sai ya sa wa ransa wani buri. Layi biyu daga benensu, ta gabas, akwai gidan wani mai sayar da tayoyin mota, bene hawa biyu da baƙin tankin ruwa a samansa. Tsaya-Haka so yake ya kama wata daidai lokacin da ya fito ya zauna a kan tankin nan, ƙato, ja-ja, kamar an ɗora shi da hannu. Abin ba wasa ba ne. Sai ana gobe wata zai cika, lokacin da yake fitowa rana ba ta gama faɗuwa ba, don a samu hasken da zai nuna tankin da ginin. Mafitar watan kuma tana matsawa, wani lokaci hagu da tankin, wani lokaci dama, sau ɗaya ko biyu ne a shekara take dacewa. In ta dace kuma sai hadari ya rufe gabas, ko kwastoma ya riƙe shi a shago. Shekara shida yana wannan farauta, da ɗan littafinsa da yake rubuta ranaku da inda watan ya ɓullo.

Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda abin yake a idon wanda ke can ɗaya ɓangaren ba. Nan ne wautarsa, kuma ba zan ɓoye masa ita ba. Mutum mai hankali irinsa, wanda ba ya ko taɓa kafaɗa, ya kasa tuna cewa a ƙarƙashin tankin nan akwai igiyar shanya, kuma duk wata ana ganin namiji a kan rufi ya auna gidan da dogon abu mai ƙyalli.

Ranar da burin ya cika, wata Talata ce. Sama fes, iska kwance. Watan ya leƙo ta bayan ginin, ya hau a hankali, ya zauna daram a kan tankin. Tsaya-Haka ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya fi sau talatin cikin minti uku. Ya duba ɗan allon bayan kyamara, ya jawo watan kusa, ya ga kowane tabo ya fito tar. Ya sauka yana dariya shi kaɗai a matakala, ya ce wa matarsa, "Maman yara, yau na kama shi."

Washegari da hantsi, ko katin kyamarar bai zare ba, sai ga Mai Taya a ƙofar shago, da mai benen da Tsaya-Haka ke haya, wanda ya taso daga gida, da wasu mutum huɗu da ba wanda ya gayyace su. Mai Taya ba mafaɗaci ba ne, kuma wannan ya sa abin ya fi muni. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce iyalinsa sun daɗe suna faɗa masa ana leƙensu daga rufin nan, yana cewa su bar zato. Jiya kuwa matarsa ta hau kwashe shanya, ta ga abin an saito shi a kanta, ta sauko tana kuka.

"Malam, girmanka nake gani," ya ce. "'Ya'yana uku kai ka ɗauke su hoto. Me iyalina suka yi maka?"

Tsaya-Haka ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce wata yake ɗauka. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya ce, "Wata a gidan mutane?" Nan zuciya ta ɗebe shi. Ya ce gani ya kori ji, kowa ya shigo, zai sa katin a kwamfuta a gaban idonsu, in an ga ko inuwar mutum a yi masa duk abin da aka ga dama.

Tela ya ja shi gefe ta hannun riga. "Yaya, ka duba kai kaɗai tukuna. Ka ce su dawo da la'asar."

"In duba me? Ni na ɗauka, na san abin da na ɗauka."

"Na sani. Ka dai duba."

"In na ce su dawo, cewa za su yi na goge. Sakar mini riga."

Suka cika ɗan shagon har ba wurin juyawa. Ya fara da tsofaffin hotuna, wata rabi, wata lauje, wata cikakke, ɗaruruwa, shekara shida. Fuskoki suka fara sakin jiki. Mai benen har ya matso yana tambaya ko ramukan nan da gaske ne. Mai Taya ya sunkuyar da kai, da alamar kunya ta fara kama shi. Da Tsaya-Haka ya tsaya a nan, da an rabu ana ba shi haƙuri. Amma yana so su ga na jiya, wanda ya fi duka, don su san abin da ya sa yake auna gidan.

Hoton ya buɗe ya cika allon. Ga wata a kan tanki, ja kamar garwashi, kowane tabo a fili, bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. A kusurwar ƙasa ta hagu kuma, bayan gajeren bangon rufin, ga mace daga kafaɗa zuwa sama, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, hannunta ɗaya a kan igiya, ta juyo tana kallon kyamara ido cikin ido. Hasken yamman da ya shekara shida yana jira don ya nuna tanki, shi ya nuna fuskarta, har 'yan kunnenta ana gani.

Tsaya-Haka ya buɗe baki ya ce, "Wallahi ban gan ta ba." Gaskiya ya faɗa, idonsa na kan wata. Amma shi kansa da ya ji maganar a kunnensa ya san ba mai yarda. Mai Taya ya sa tafin hannu ya rufe kusurwar allon don sauran su daina kallo. Wannan rufewar ta fi wa Tsaya-Haka zagi ciwo, don shi ne ya tara maza shida ya nuna musu matar mutum.

"Goge," in ji Mai Taya.

Tela ya ce ai ana iya yanke gefen a bar watan, aikin minti ɗaya ne. Tsaya-Haka ya girgiza kai. Ya zaɓi hotunan jiya gaba ɗaya, har waɗanda ba ta ciki, ya goge su daga katin, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa, Mai Taya na tsaye a kansa. Mai benen ya karɓi makullin ƙofar rufi a wurin, ya ce ba don ya yarda da zargin ba, don a zauna lafiya.

Ba a kai shi ƙara ba, ba a kore shi daga gidan ba, ba wanda ya zage shi a hanya. Da ma an yi, da ya samu abin da zai amsa. Abin da ya faru shi ne kujerar nan ta fara yini ba kowa. Maganar ta zaga unguwa, tana tafe tana ƙiba, hoto ɗaya ya zama ashirin, har aka ce yana da durowa cike da hotunan matan mutane. Durowar kuwa akwai ta, ambulan ɗin amanar nan ne da ba a zo an karɓa ba. Matarsa ta daina zuwa awo da safe, sai rana ta take lokacin da layi ba kowa. Ba ta taɓa ce masa "ka gani" ba, shi ma bai taɓa tambayarta abin da ake faɗa mata ba.

Ya je gidan Mai Taya sau biyu ba da haƙuri. Na farko aka ce ba ya nan, na biyu ya fito, ya saurare shi a tsaye har ya gama, ya ce, "Ya wuce, Malam. Ni na yarda ba da nufi ka yi ba. Amma ita har yau ba ta hawa sama, a ɗaki take shanya." Tsaya-Haka ya dawo da wannan magana a ƙirjinsa, ta fi gulmar unguwa nauyi. A da yana ganin shi aka zalunta. Yanzu ya san akwai wadda ya raba da rufin gidanta, shi da bai ma san sunanta ba.

Bayan wata huɗu, yarinyar nan da ya ɗauka tun tana 'yar makaranta ta zo hoton fasfo. Ransa ya yi sanyi da ya gan ta, har ya goge mata kujera. Sai ya ga mijinta ya biyo ta ciki, abin da bai taɓa yi ba, ya zagayo ya tsaya a bayansa daidai kafaɗa, yana leƙen allon kyamara. Tsaya-Haka ya ɗaga kyamarar. Haɓarta ta yi ƙasa da yawa, ya kamata a gyara. Ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa ta shekara talatin, ta maƙale. Haka ya ɗauka da haɓar a sunkuye, ya wanke, ya miƙa wa mijin.

Igwar tana ƙarƙashin gado yanzu, naɗe cikin tsohon bargo. Tela ya ce ya sayar, ya ƙi. Ya ce to su je bayan gari inda ba gidan kowa, zai kai shi a babur, Tsaya-Haka ya ce sai wani lokaci.

Rannan da yamma suna rufe shaguna, ana gobe wata zai cika. Tela ya ɗaga kai yana sa kwaɗo, ya ga abin ya taso ta ƙarshen layi, ƙato, ja, saman gidaje.

"Yaya, ga kwastomanka can ya fito."

"Na sani," in ji Tsaya-Haka. "Tun ɗazu na san ƙarfe nawa zai fito."

Akwai mutane zaune a bakin titi, akwai tagogi a buɗe a benayen da ke gabas. Ya sa makulli a aljihu, ya bi gefen kwata zuwa ƙofar matakala, idonsa a kan takalmansa, don kada wani ya ce ya gan shi yana kallon sama.