Zaman Makokin Mai Fiyano

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Dutsin-Ma, na taɓa shimfiɗa tabarmin makoki saboda mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ko sunansa ba na iya faɗa daidai. Har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tagumi.

Ina da abokai biyu a lokacin, duk sun girme ni. Ɗaya malamin asibiti ne, mutumin Kudu, Kirista, amma haihuwar Zariya, Hausa a bakinsa ba a magana. Gari duka Likita ake ce masa, ko da yake allura da wankin gyambo ne yawancin aikinsa. Ɗayan tsohon soja ne, direban babbar motar En'e, muna ce masa Saje. Ya je yaƙin Bama, can ya zauna da sojojin Amurka baƙar fata, ya dawo da tabo a ƙauri da son wani kiɗa da ake kira jaz. Likita kuwa wajen yayansa a Ikko ya kwaso wannan ciwo. A iya sanina su biyu kaɗai ke da shi a garin, don haka dole suka nemo juna.

Kowace Lahadi bayan la'asar sai su haɗu gindin bedi a ƙofar gidan Likita, a fito da garmaho, a yi masa wani, a ɗora faifai. Ni ɗan abi yarima a sha kiɗa ne. Gaskiyar magana, shayi da madarar gwangwani ne ya fara kai ni wurin, amma da yake ina sa farar riga da agogo, sai suka ɗauka ina da kunne. Ban musa ba.

Dukkansu masu kaɗa fiyano suke so, wato wani abin kiɗan Turawa da ake dannawa da yatsun hannu biyu, sai dai kowa da gwaninsa. Gwanin Saje wani ƙato ne mai fara'a, a hoton jikin kwalin faifansa ya karkata hula yana dariya, na sa masa Mai Murmushi. Irin kiɗansa suwin ake ce masa, na rawa ne. Gwanin Likita siriri ne, idonsa kamar yana kallon wani abu a bayanka, kuma in ka kasa kunne za ka ji yana nishi ƙasa-ƙasa yana kiɗan. Shi na sa masa Mai Nishi. Nasa kiɗan wai bibof.

"Saurari hannun hagu, Malam!" in ji Saje, yana buga cinya. "Ka ji shi? Kamar mata biyu na lugude, ba wadda ke karo da wata. Wanga shi ne kiɗi. Na Likita kau hannu guda gare shi. Na hagun barci shikai, sai can ya farka ya ɗan taɓa, ya koma."

Likita ya kan girgiza kai ya ce, "Saje, naka da ƙafa yake magana. Kafin ya kai ƙarshe ka riga ka san inda zai sauka. Nawa tunani yake yi a gabanka, gudu yake kada tunanin ya tsere masa."

Sai su juyo gare ni. Ni kuwa Mai Murmushi dai ina iya kaɗa masa kai. Amma Mai Nishi, Allah ya gani, abin da nake ji kamar an saki ƙanƙara a kan rufin kwano. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai daban ne. A wurinmu kowane kiɗa da mai shi. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, in ka ji take ka san wa ake kira. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Wai shi wannan bawan Allah, wa yake yi wa? Wa ke ba shi riga in ya gama?" Suka dube ni, suka dubi juna, suka fashe da dariya har Saje ya ƙware da shayi. Ranar ce kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya.

Ana nan sai wasa ya zama faɗa. Wata Lahadi Likita ya ɗora sabon faifan Mai Nishi da ya daɗe yana jira daga Kano. Ana tsakiyar kiɗa Saje ya miƙa hannu ya ɗage allurar, ta ja ƙiiii a kan faifan.

"A bar bawan Allah shi huta," in ji shi. "Ciwon ciki ke damunshi."

Likita ya ɗauki faifan ya duba, ya ga zanen da allura ta yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Kunnen da ya saba da hagu-dama ta fareti, ina zai gane?"

Saje ya miƙe. Ya tattara faya-fayensa ya naɗe a bargon soja, ya saɓa, ya tafi. Daga baya kowannensu ya tare ni shi kaɗai wai in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, wa ya fi. Na ce ai duka biyun gwanaye ne. Saje ya ce ni munafuki ne, Likita ya ce ashe duk zaman nan shayi nake sha. Shi dai Likita bai yi ƙarya ba.

Da a wata shekara ce, da abin ya wuce a dariya. Amma shekarar ce ƙasa ta rikice. Kullum rediyo da mummunan labari, mutanen Kudu da ke aiki a garuruwanmu suka fara ɗaure kaya. Likita ya tura matarsa da 'ya'yansa gaba, ya saura shi kaɗai a gida. Wasu da ya saba gaisawa da su suka fara sunkuyar da kai in sun gan shi, ba don ƙiyayya ba, kowa dai bai san abin da zai ce ba. Ana cikin haka ga Saje yana wucewa ta gaban asibiti da motarsa, ko odar da ya saba dannawa ya daina.

Wata rana Likita ya ce mini, "Malam, ka tabbata faifai ne kawai tsakanina da Saje?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Na sami Saje a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani ƙarfe, na faɗa masa. Ya leƙo ya ce, "Faifai mana! In ba faifai ba, mi? Amma ni ag gaba da shi a shekaru, kuma kunnena ya zaga. Shi za ya zo." Na koma na faɗa wa Likita. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda bai yarda ba, ya ci gaba da wanke almakashinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, ni kaina na fara kokwanto. Manya biyu su yi gaba a kan hannun hagun wani mutum da ke bayan teku? Hankalina ya kasa ɗauka. Ga shi Likita ya gaya mini shi ma ya kusa tafiya, kuma na san in ya tafi a haka, da wannan zargin zai rayu.

Sai wata safiya na same shi zaune a bayan asibiti, idanu jajur. Na ɗauka wani abu ya sami iyalinsa a hanya. Ya ce a'a, a rediyo ya ji Mai Nishi ya mutu, bayan doguwar jinya, kuma bai ma tsufa ba. Na buɗe baki zan ce Allah ya jiƙansa, na tuna ba Musulmi ba ne. Zan ce ya haƙuri, na tuna ba ɗan'uwansa ba ne. Ƙarshe na ce "Sannu," kamar wanda ya yi tuntuɓe.

Ranar Asabar na hau kekena na tafi gida Kurfi. Mahaifiyata ta san Likita, shi ya yi mata maganin ƙafa, tun daga nan take aika masa da daddawa. Na ba ta labarin a matsayin abin mamaki, ina jiran ta yi dariya. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"An shimfiɗa tabarmi?"

"Inna, ba danginsa ba ne fa. Makaɗi ne a wata ƙasa. Bai taɓa ganinsa ba."

"Ya yi kuka?"

"Ya yi."

"Ya ci abinci?"

"Bai ci ba."

Ta aje rariya. "To mi ya rage? Mutum ya yi rashi a garinku, ba uwa ba uba kusa, ba mata ba ɗiya, kun bar shi shi ɗai kamar maye? Wane irin boko ne wanga?"

Na ruga wurin kawuna, malami ne mai makarantar allo, ina fatan ya ce bai halatta ba in huta. Ya shafa gemu ya ce, "Mamacin dai ka bar shi da Mahaliccinsa. Amma haƙuri na mai rai ne, kuma maƙwabci maƙwabci ne." Haka na komo Dutsin-Ma da ƙwaryar gumba ɗaure a bayan keke, ban san me nake shirin yi ba.

Da safe na aro tabarmi na shimfiɗa a gindin bedin, na aika aka faɗa a unguwa cewa Likita ya yi rashi. Ya fito ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Malam, me kake yi?" Na ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Inna ta ce." Sai ya cire takalmi ya zauna. Muka zauna mu biyu, ga ƙwarya a tsakiya. Hantsi ya ɗaga ba kowa. Gumi ya jiƙa mini riga, don na san in ba wanda ya zo, na tabbatar masa da abin da yake tsoro da hannuna.

Sarkin fawa ne ya fara zuwa, wanda Likita ya taɓa ɗinke wa yatsa. Sai tela, sai limamin unguwa, sai mata suka riƙa tsayawa daga gefe suna gaisuwa su wuce. Kafin azahar sai da aka ƙaro tabarma. Wani dattijo da ya zo daga Makera karɓar magani ya durƙusa ya ce, "Likita, ya haƙuri? Mi yake gare ka?"

"Ba komai, Baba. Makaɗi ne."

"Allah sarki. Makaɗin gidanku."

"A'a, na Amurka ne. A faifai nake jinsa."

Dattijon ya yi ɗan lissafi. "To yanzu faifan ma ya daina?"

"Yana nan, Baba."

"Ya mutu, kuma gobe in ka so ka ji shi? To mu mi muke yi nan?" Liman ya taɓa shi da gwiwar hannu, sai dattijon ya ɗebi gumba. Ni dai a raina na ce Baba ka yi mini tambayata.

La'asar ta kusa sai muka ji ƙugin babbar mota ta tsaya. Saje ya sauko, ya cire takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a gaban Likita. Aka zuba musu ido, don kowa ya san suna gaba.

"Likita, ashe haka Allah ya yi. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole, Saje."

"Allah shi ba da dangana."

Ya koma gefe ya zauna, ya sunkuyar da kai kamar kowa. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Amma gaskiya guda ce ko gaban gawa. Hannun hagun nan nashi, har ya koma ga Allah bai yi aikin kirki ba."

"Subhanallahi, Saje!" in ji liman. "A wurin makoki?" Sarkin fawa har ya yunƙura zai shiga tsakani.

Likita kuwa ya dubi Saje, ya dube shi, sai ya fashe da dariya. Yana dariya hawaye na zuba, ya kama hannun Saje da hannu biyu ya ƙi saki, yana cewa, "Ashe faifai ne. Ashe da gaske faifai ne." Mutane suka riƙa kallon juna. Dattijon Makera ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan mutuwa ba.

Ba a daɗe ba Likita ya tafi. Saje ne ya kai shi tashar jirgin ƙasa ta Funtua, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ya zaunar da shi a gaba kusa da shi, bai baro tashar ba sai da ya ga jirgin ya ɓace. Yaran motar sun ce tun daga Dutsin-Ma har Funtua gardamar fiyano suke yi. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ko ya isa, ko bai isa ba, Allah ne masani, kuma wannan rashin sanin har yau yana ci mini rai.

In na waiwaya, abin da nake gani shi ne ni kullum jira nake sai na gane abu kafin in motsa, kuma da an biye mini da Likita ya bar garin da ƙunci a zuciya. Mahaifiyata ba ta san mene ne fiyano ba har ta bar duniya, ba ta kuma tambaya ba. Ta ji an yi kuka, ta daka gumba.

Likita ya bar wa Saje garmahon da faya-fayensa duka, don ba su ɗaukuwa a irin wannan tafiya. Lahadin da ta biyo baya Saje ya aiko a kira ni. Na same shi shi kaɗai a zaurensa, ba shayi ba komai. Na ɗauka Mai Murmushi zai sa. Sai ya zaro na Mai Nishi, ya goge shi da gefen riga, ya ɗora allurar a hankali. Muka saurara har ya ƙare, bai buga cinya ba.

"Malam, ka gane?"

"Ban gane ba, Saje."

"Ni ma haka." Ya share ido da bayan hannu. "Sake sa muna shi."