Saɓanin Magariba

Akwai wani agogon hannu a ƙasan akwatina, naɗe cikin tsohon kallabi. Gilashinsa ya dushe, maɗaurinsa ya tsattsage, amma in na murɗa shi yakan farka ya soma bugawa a hankali, kamar zuciyar mai jiran baƙo. Jiya na kara shi a kunnena, sai ga ni a kan falalen dutsen bayan gidanmu na Zurgu, ina 'yar yarinya, ƙanshin barkono yana shigar mini hanci, kakata tana zaune ta ba ni baya.

Mu biyu ne a gidan. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Mahaifina direba ne a hanyar Rano zuwa Kano, da motar da yake ja ta mutu murus sai ya bi ayarin masu Umara ya zauna can Makka neman abinci. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In dole ta yi zancensa, sai ta ce "mutumin gabas", tana kallon wani wuri daban.

Ranar da zai tafi ina maƙale da zanenta. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Iya, rana ɗaya ce a sama. Duk magariba ki dube ta, ni ma ina dubanta. A nan za mu riƙa gaisawa."

Ta ce, "Kai dai tashi, mota za ta bar ka."

Amma tun daga yammacin ranar Kaka ta zama mai shanya. Kuɓewa, barkono, kuka, garin rogo, kullum da abin da za ta baza a kan dutse, kuma ba ta kwashewa sai rana ta yi ja. Da damina, da babu abin shanyawa, sai ta ce akuya ta ɓata, alhali akuyar tana ɗaure a turke. Takan zauna ta miƙe ƙafa, hasken nan mai launin manja yana kwance a fuskarta, leɓunanta suna motsi. Daga nesa shanun maƙwabtanmu Fulani suna komawa ruga, hayaƙin murhu yana tashi daga gidaje. Ni ma sai in zuba wa ranar ido har hawaye ya cika shi, ina ganin kamar in na daure zan hango fuskar babana a ɗaya gefenta. Mai karatu, in ka taɓa son wanda ke nesa, ka san ba wauta ba ce.

Wata shekara alhazai suka kawo mana rediyo mai kaset daga wurinsa. Cikin kaset ɗin ya gai da kowa, har da mai unguwa, a ƙarshe ya ce, "Iya, ina nan a kan alkawari." Rediyon ya zama na ukunmu a gida. Kullum mai labarai sai ya ce ƙarfe kaza agogon Ji-Em-Ti, ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. Ni na ɗauka Ji-Em-Tin nan wani babban attajiri ne, mai agogon zinariya, da duniya duka take zuwa tambayarsa lokaci.

Da rediyon ya soma shaƙewa, muka kai shi kasuwar Kibiya wurin wani mai gyara, saurayi mai yawan surutu, wanda ya yi 'yar boko ya bari. Yana kunce bayansa Kaka ta ce, "Ɗan nan, wai wane ne Jiyamtin nan da kowa ke bin agogonsa? Sarki ne?"

Ya yi dariya har sukudireba ta faɗi. "Iya, ai ba mutum ba ne. Layi ne."

"Layi? Na awo ko na asibiti?"

Sai ya ari lemo a farantin mai talla, ya kunna tocila ya haska gefe ɗaya. Ya ce duniya haka take, tana juyawa, in nan ya samu haske can yana duhu. Ya ce a da kowane gari da nasa lokacin, har masu jiragen ruwa da na ƙasa suka rasa gane kan juna. Sai ƙasashe suka zauna, har da waɗanda ba sa ga maciji, suka yarda a ja layi ɗaya ta wani gari a Ingila, kowa ya riƙa ƙirga nasa daga nan. "Shi ya sa jirgin alhazai yake tashi Kano ya sauka Jidda ba a yi karo ba. Ko ana yaƙi, Iya, ba a taɓa wannan layin."

Kaka ta daɗe tana kallon lemon. Ta ce, "To in rana ta faɗi a nan, mutanen Makka fa?"

"Ai su tuni sun idar da isha'i."

"Ba rana ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce. Su take fara bari."

Na ga hannunta ya matse bakin mayafi. Ta tambaya, da murya kamar mai tayin gero, "Tasu magaribar, yaushe ke nan a wurinmu?"

"Kina sallame la'asar, ki ɗan taɓa hira, to ta faɗi a can."

Muka hau mota muka koma gida. Da yamma ba ta hau dutse ba, barkonon ya kwana a waje raɓa ta jiƙa shi. Ina kwance ina jin ta tana juyi a kan gadon kara. Shekara da shekaru tana zuwa gaisuwa, ashe wanda take gaisarwa ya riga ya tashi.

Washegari tana sallame la'asar ta ɗauki tabarma. Rana tana sama, dutse yana ƙuna, ta zauna ta juya wa ranar baya ta fuskanci gabas, inda babu komai sai shuɗin sama da shirwa ɗaya. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, yau kuma ke ce shanyar?" Kaka ta ce, "Ƙashina ke son zafi." Tun daga nan magaribarta ta koma la'asar. Ta gaskiyar kuwa, mai jan nan da nake so, ta daina ko ɗaga kai ta dube ta. Na taɓa jan hannunta na ce mu je, ta ce, "Babu kowa a can, ƙawata."

Da za a mayar da kaset, aka kunna aka ajiye a gabanta. Na matsu ta gaya masa ta gane, ta sake lokaci. Kunyar ɗan fari ta riƙe mata harshe. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "A gaya wa mutumin gabas shanya tana nan."

Na isa 'yanmata lokacin da wani Alhaji mutumin Kibiya, abokin zaman babana a can, ya yi sallama a zaurenmu. Tun daga yadda ya cire hula muka sani. 'Yar gajeriyar rashin lafiya ce, an binne shi a can. Bayan addu'a ya miƙo agogon nan, ya ce na babana ne. Ina karɓa ladan ya kira la'asar, na duba na ga ya yi daidai da namu.

Na ce, "Alhaji, kai ka mayar da shi agogon gida?"

Ya ce, "Ni murɗawa kawai nake yi kada ya tsaya. Ai bai taɓa sa shi a lokacin can ba. Tun shekararsa ta farko wani ɗan Sudan ya fahimtar da shi bambancin. Kullum an fito isha'i sai ya hau rufin gidan da muke haya, ya fuskanci yamma cikin duhu. Mu yi ta tsokanarsa, ya ce ku ƙyale ni, yanzu rana take faɗuwa a Zurgu, Iya tana kan dutse."

Na kasa kallon Kaka. Duk shekarun farko ashe suna tare ba ta sani ba. Ranar da ta sani, ranar suka rabu.

Sai na ji ta yi wata 'yar dariya marar sauti. Ta ce, "Saɓani muka yi ke nan. Ni ina can wurinsa, shi yana nan wurina." Ta miƙo hannu na sa mata agogon. Da yammacin nan ta hau dutse da magariba, ta zauna har duhu ya rufe ta, kuma a karo na farko na ji ta kira sunansa.

Na daɗe ina tunanin maganar mai gyaran rediyo. Sanin lemo da tocila ya isa ga Kaka, ya isa ga babana, kowannensu ya yi lissafinsa daidai. Abin da ƙasashen nan masu gaba suka yi ne su ba su yi ba: su buɗe baki su ce, ga layin da za mu bi. Baƙi da ba sa ƙaunar juna sun haɗu a kan lokaci ɗaya, uwa da ɗa sun wuce juna a hanya saboda kowa ya tafi tarar ɗan'uwansa.

Yanzu an fasa rabin dutsen nan an yi tsakuwar gini, an kafa ƙarfen waya a gefensa. 'Yata tana karatu a wata ƙasa ta gabas mai nisa, inda gari yake waye musu mu muna barci. Ita ce 'yar farina, kuma ina kiran sunanta a gaban kowa, dangi suna cewa birni ya cire mini kunya. In ta ce, "Umma, zan kira ki da magariba," ba na bari ta kashe wayar sai na tambaye ta: taki ko tawa?